Lallen Gidan Sallau

Sunansa na yanka Mamman ne, amma a Matamaye ba wanda ya taɓa kiransa da shi. Shekara ake ce masa, don ya daɗe a cikin uwarsa har mata suka gaji da tambaya. Da ya girma, masu baki suka ce ai da ya sani da ya yi zamansa can, tun da bai sake samun wurin da ya kai nan daɗi ba. Ba'a suke yi, amma maganar ba ta da ƙarya.

Uwarsa Habi mai tuwo ce a bakin zangon fatake. Ubansa ya rasu shekarar da aka fara jin labarin Nasara sun sauka Damagaram, ya bar mata 'ya'ya maza biyu da gona mai yashi. Illa, babban, ya ɗauki hauya. Shekara ya ɗauki muciya. Ba wanda ya raba musu, kowa dai ya bi abin da hannunsa ya so. Tun bai kai tsawon turmi ba ya iya kaɗa miyar kuka ba gudaji, in yana magana hannuwansa na tayawa, in yana tafiya kuma ƙugunsa na da nasa ra'ayin. Yana yaro abin dariya ne, mata har kiransa suke yi ya kwaikwayi amarya. Da gemu ya fito sai dariyar ta yi tsami.

Ba a dukansa, kada a yi wa mutanen garin ƙazafi. Abin da suke yi ya fi duka daɗewa a jiki. A masallaci ba a hana shi shiga, sai dai duk sahun da ya tsaya za ka ga gefensa da fili kamar an cire haƙori. In ya yi sallama a majalisa, a amsa masa da hanci. Illa ya taɓa nema masa wata bazawara daga Kurni, ko aure zai daidaita shi. Ta yi damina ɗaya ta tattara kayanta, ba faɗa ba zagi, ta ce ita miji ta zo nema, 'yar'uwa kuwa ta bar su da yawa a gida. Daga nan Illa ya daina cin abinci a kwano ɗaya da shi.

Mutum ɗaya ne yake duban Shekara ido cikin ido, wani bafatake mai suna Almu da ke saukar da kanwa a zangon duk rani. Abin da ke tsakaninsu ba a yi shi a gaban shaidu ba. An dai san in ayarin Almu ya sauka, miyar gidan Habi takan fi ta kullum, in ya tashi kuma Shekara yakan yi kwanaki ba ya waƙa a bakin murhu. Wata shekara Almu ya ce wannan ne zuwansa na ƙarshe, zai zauna Katsina ya yi aure ya bar hanya. Ya ga yadda fuskar Shekara ta koma, sai ya ba shi abin da yake da shi.

"A Zangon Damagaram akwai gidajen da irinka ke zama da yamma, ba mai harararsu," in ji Almu. "Amma kada ka tambayi kowa. Wanda ya sani ba zai faɗa ba, wanda ya faɗa kuma bai nufe ka da alheri ba. Ka saurari dariya. Gidan da ka ji ana yinta, ka leƙa ka ga ba wani ake yi wa ba, to nan ne."

Maganar ta zauna masa a ƙirji har kaka ta wuce. Ranar da ya gaya wa Habi zai tafi birni neman aiki, ba ta tambaye shi wane aiki ba. Ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli da garin gero a tsumma, ta ce, "Je ka, ɗan nan. Tuwo ba ya gudu."

Damagaram ta ba shi tsoro. Ga Birni da ganuwa da manyan duwatsu, ga barikin Nasara da tuta a sama, ga Zango cike da raƙuma da harsunan da bai taɓa ji ba. Da rana yakan yi dakon ruwa ya sami na ci, da magariba ta yi sai ya bi lunguna yana kasa kunne. Dariya kuwa ba ta yi wuyar samu ba. Gidan farko da ya shiga kusa da bariki yake, inda sojoji ke shan giya. Suna ganin tafiyarsa suka tafa, aka ja shi tsakiya, aka ce ya yi rawa. Ya yi, don ya ɗauka maraba ce. Sai da wani ya jefe shi da ƙashi ya ce ya ɗauka da baki, sannan ya gane dariyar Matamaye ce ta sa jar hula. Ya fita da rigarsa a yage.

Gida na biyu na wata magajiya ne mai riƙe da mata masu zaman kansu. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce tana son mai wanke tukwane. Nan ba a jifansa, har ana ba shi ƙanzo. Amma in baƙi suka zo aka shimfiɗa tabarmi, wurinsa bayan ɗakin girki ne, tare da awaki. Ya zauna har ya fara gaya wa kansa Almu ya yi masa ƙarya ne don ya rabu da shi lafiya.

A kasuwa abin ya zo, da rana tsaka. Magajiya ta aike shi sayen daddawa. Ya ɗauki ɗaya ya sansana, ya taɓe baki, ya ajiye ta da yatsu biyu yadda Habi ke yi. Wani tsoho mai ƙiba da ke tsaye kusa, da zane a kafaɗa da kwalli a ido, ya yi dariya har cikinsa na rawa.

"Ke 'yar nan, wa ya koya miki raina kayan mutane haka? Ajiye, ta bara ce. Biyo ni in nuna miki ta gaske."

Shekara ya waiga ya ga ko da wata mace ake. Babu. Ya dubi fuskar tsohon yana neman ba'ar da ya saba gani, bai same ta ba. Ya bi shi, bai ko koma ya kai wa magajiya kwandonta ba.

Wannan shi ne Sallau. Gidansa na bayan mahauta, zaure ɗaya da tsakar gida mai faɗi. Da rana tuwo da soyayyen nama ake sayarwa, kowa na zuwa. Bayan lisha sai a ja asabarin zaure, a share tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, mai garaya ya zauna gindin bango. 'Yan gidan, maza ne duka, sai su ɗaura zannuwansu su sa turare, suna kiran juna ƙawa, suna kiran Sallau Inna. Baƙi su shigo ɗaya bayan ɗaya: attajiri da rawaninsa, maɗinki, wani soja da ke cire jar hularsa tun daga zaure ya cusa a aljihu. Dokokin Sallau ba su da yawa. Ba a shigo da giya, ba a shigo da wuƙa, ba a kuma tambayar mutum sunan ubansa. A yammar farko Shekara ya nufi bayan ɗakin girki don ya saba. Sallau ya daka masa tsawa, ya nuna masa tabarma a tsakiyar mutane. Aka yi ta raha a kan wani mahauci mai rowa, Shekara ya yi dariya tare da kowa, sai can ya lura hawaye ne ke zuba masa a kan fura.

Wanda ya matsa ya ba shi gefen zanensa ya share fuska shi ne Isufu, siririn saurayi ɗan Birni, mai murya kamar sarewa. Tun daga ranar tabarmarsu ɗaya. Isufu ya koya masa ɗaurin kallabin birni da takun rawar garaya, shi kuma ya koya wa Isufu yadda ake sa wa tuwo ruwa ba ya kwance. In baƙi suka watse, su biyu sukan rage suna hira ƙasa-ƙasa har Sallau ya yi tari daga ɗaki. Shekara ya so shi, so irin na wanda ya daɗe da yunwa.

Gidan yana da al'ada. Baƙon da ya zauna aka ga halinsa, akan sa masa lalle ran Alhamis, shi ke nan ya zama ɗan gida. Kuma lallen ba ado kaɗai ba ne. Mutanen irin wannan gida ba sa zama wuri ɗaya, yau wani ya bi masoyi Kano, gobe dangi sun zo sun tafi da wani. Don haka Sallau ya kafa sharaɗi: wanda ya tafi ya dawo da sauran ja a farcensa, tabarmarsa na nan, ba mai tambayarsa inda ya je. Wanda ya bari jan ya fita sarai, an yafe shi, a ba wani wurin. Tsofaffin gidan, da duniya ta koya musu hankali, a hannun hagu kaɗai suke sawa, a yatsu biyu ko uku da za su ɓuya a cikin riga. Shekara ya ce shi duka biyun yake so, har wuyan hannu, a cikin zunguru kamar amarya.

"Yarinya, bar hannu ɗaya na gaisawa da duniya," in ji Sallau.

"Inna, na gama gaisawa da ita."

Sallau ya girgiza kai ya ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Isufu ne ya kwaɓa lallen, ya naɗe masa hannuwan da ganye, ya zura su a zunguru, ya riƙa ba shi abinci a baki ana guɗa. Da safe aka kwance, sun kama jawur har suna baƙi-baƙi. Shekara ya ɗaga su a rana yana juyawa. A duk rayuwarsa wannan ce safiyar da ba a rage masa komai ba.

Lallen ko dushewa bai fara ba wani mai jaki daga Dawce ya tsaya cin tuwo, ya gane shi, ya ce Habi na kwance, tana ta kiran sunansa. Ba a yi gardama ba. Sallau ya ce, "Uwa ba ta da biyu. Tafi, kin san sharaɗi." Isufu ya raka shi har bayan gari inda gonaki suka fara, ya riƙe ɗan ƙaramin yatsansa na hagu ya ce, "Ni na sa shi. Kada ki bari ya fita ban gan ki ba."

A hanya duk rijiyar da ya samu sai ya tsaya ya goge hannuwan da toka da yashi, har fata ta saluɓe. Faratan kuwa bai taɓa su ba, kewaye su yake yi. Ya shiga Matamaye hannuwansa cikin riga kamar mai jin sanyi.

Habi ta rame har ba ta da nauyin ƙwarya, idanunta sun daina gani sosai. Ta laluba ta kamo hannunsa, ta kai hanci. Ƙamshin lalle ba ya ɓace wa mace. Sai ta ce, "Can inda ka je, a tsakiyar mutane kake zama?"

"A tsakiya, Inna."

"To alhamdu lillahi. Ka koma."

Ta rasu da hantsi washegari. A maƙabarta, da aka zo sa ta a kabari, 'ya'yanta ne ya kamata su sauka su karɓe ta. Illa ya sauka. Shekara ya manta da komai, ya naɗe hannun riga ya miƙa hannuwa. Mutane suka gani, kabbarar da ake yi ta tsinke. Illa ya ɗago kai daga cikin ramin, ya dubi faratan nan goma, ya ce, "Koma baya." Wani maƙwabci ya sauka a madadinsa. Shekara ya tsaya bayan sahu, yana jin ƙarar ƙasa tana zuba a kan itace, bai ga komai ba sai bayan rigunan mutane.

Ya yi niyyar tashi da an yi sadakar bakwai. Kafin ranar ta zo, gardi biyu, 'yan sandan Nasara, suka iso a kan dawaki da umurnin kwamandan bariki: ana son maza masu ɗaukar kaya zuwa Agadas, unguwa-unguwa. Mai gari ya tara masu gidaje, kowa ya sunkuyar da kai yana lissafin 'ya'yansa. A gaskiya dole wani ya tafi daga gidan Habi, kuma Illa na da mata da yara da gero a gona. Da ya ja ƙanensa gefe ya roƙe shi, da ba a ga laifinsa ba. Amma a gaban jama'a ya tashi ya ce, "Muna da wanda ba mata, ba gona, ba kunya. Ku ɗauka, ku rage mana." Aka yi dariya, har da gardawan da ba su san kan zancen ba. Aka sa wa Shekara igiya a ƙugu tare da sauran.

Hanyar arewa ba ta da labari mai daɗi. Akwatin harsashi a ka, rana a ƙeya, bulala ga wanda ya zauna. Wasu sun faɗi an bar su nan. Shekara, da kowa ya ce shi zai fara mutuwa, bai mutu ba, don yana da abin dubawa. Duk inda aka sauke kaya sai ya buɗe hannu ya ga inda jan ya kai. Farin farce na tsirowa daga gindi yana tura jan gaba a hankali. Ya daina yankewa, ko ya tsare abin da ya rage, amma igiya da akwati ba su san sharaɗin Sallau ba. Faratan suka riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya.

A Agadas aka sallami waɗanda suka rayu. Shi kuwa tsautsayi ya sa wata rana ya gyara wa kukun sojoji miyar da ta tsinke, sajan ya ɗanɗana, ya ce wannan ba inda zai je. Hannun da ya ciyar da shi tun yana yaro, shi ya ɗaure shi a bariki wata da watanni. Ya yi roƙo, aka ce gobe. Farce ɗaya ya rage mai ja, na ɗan ƙaramin yatsan hagu. Ya naɗe shi da tsumma, ya ce wa masu tambaya ɗan karkare ne. Da hannu ɗaya da rabi ya riƙa tuƙa tuwon soja, farcen na tsawo a ɓoye yana lanƙwashewa.

Sai annobar mura ta zo, wadda ta ci mutane a ko'ina a shekarar nan. Sojoji suka kwanta, masu gadi suka kwanta, ba wanda ya kula da kuku. Shekara ya bi wani ayarin gishiri ya yo kudu. Matamaye ko a ransa bai kawo ta ba. Ya shiga Zangon Damagaram da la'asar, ƙafafu a kumbure, ya tsaya bayan mahauta ya kwance tsumman. Jan na nan, siriri kamar zare a bakin farcen. Ya yi murmushi, karo na farko tun rasuwar Habi.

Zauren ba asabari. A tsakar gida an ɗaure jakuna, wata mata da bai sani ba tana sussuka a inda mai garaya ke zama. Ta ce Sallau na cikin na farko da murar ta ɗauka. Da mutuwa ta yi yawa, mutanen unguwa suka ce irin waɗannan gidaje ne suka jawo fushin Allah, suka shigo da sanduna. Gawar tsohon ta kwana ta wuni ba mai wankewa, daga baya aka ja ta bayan gari. 'Yan gidan kowa ya kama gabansa. Ɗaya dai ta sani, siririn nan, ya tuba ya yi aure, yana sayar da huluna a kasuwa.

Ya same shi a rumfa tsakanin wasu dattawa biyu, da ɗan gemu, da tasbaha a wuya, da tabon sanda a goshi wanda da babu. Isufu ya ɗago kai. Ya gane shi, wannan ba shakka, don hular da ke hannunsa ta faɗi. Shekara ya matso kusa. Ya durƙusa ya miƙa ɗan yatsan.

Dattawan suka leƙo. Isufu ya dubi farcen, ya dube su. Ya laluba ƙarƙashin tabarma ya ɗauko askar da yake yanke zare da ita.

"Bawan Allah, farcenka ya yi tsawo," ya ce da murya mai kauri da ba tasa ba. "Ba kyau musulmi ya yi alwala da shi haka. Ungo, yanke."

Shekara bai karɓa ba. "Wanda ya sa shi ne zai cire."

Ɗaya dattijon ya tambaya ko mahaukaci ne. Isufu ya ce da alama, bari ya taimaka masa don lada. Ya kama yatsan, ya ɗora shi a gwiwarsa. Aska ta ci sau ɗaya, abin ya faɗi a ƙasa tsakanin ƙafafunsu.

"Na dawo kafin ya fita," in ji Shekara a hankali. "Ka shaida."

Leɓen Isufu ya motsa, da ƙyar sauti ya fito. "Na shaida." Sannan ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda dattawan za su ji. "Allah ya ba da lafiya. Matsa, ka ba masu ciniki wuri."

Shekara ya matsa. Ya koma Matamaye, don ba shi da wani garin, ya hura murhun Habi a bakin zango, ya yi ta tuƙa wa fatake tuwo har ya tsufa. Waɗanda suka ci sun ce ba a yi miya irin tasa ba a duk ƙasar Kance, inda Matamaye take. Sun kuma ce in hira ta yi daɗi aka fashe da dariya, yakan ɗauki tukunyarsa ya koma bayan ɗaki har a gama.